Yanar Idon Kaka Nomau

Damina uku ina ja masa sanda,
ni a gaba, shi a baya,
daga ƙofar gida zuwa garkar Jiratawa.
Da hanci yake sanin albasa ta nuna,
ni kuwa da ƙarar silifas yake gane ni.

Ya ce kamar an tsiyaya nono a randa,
sai fari, sai inuwar mutane.
An ɗiga zuma. An ɗiga ruwan ganye.
Wani mai tsinke ya zo ran kasuwa,
jikka goma, wai zai ture farin can ciki.
Inna Tasalla ta tsaya bakin zaure:
"Na ga idon Ɗan Bako bayan tsinkenka.
Allah raka taki gona."

Sai Maradi, da sanyin safiya.
Likita ta haska 'yar fitila, ta daɗe tana dubawa.
Ta ce, "Baba, cikin ido akwai 'yar ƙwaya
garau kamar raɓa.
Shekaru ke dusashe ta, ba sammu ba ne.
Magani ba ya wanke ta.
Cire ta ake yi, a dasa sabuwa a gurbinta."
Ya ce, "Ɗiyata, fitar da idon za ku yi, ku aje a faranti?"
Ta yi dariya har takarda ta faɗi.
"Yana nan inda Allah ya aje shi.
Ba ma barci za mu sa ka ba,
idon kaɗai za a kashe wa zafi.
Yau na dama. Na hagu sai wani zuwa."

Aka auna tansiyo. Aka soki yatsa don suga.
Na zauna kan banci, sandarsa a cinyata,
ina ƙirga kabu-kabun da ke wucewa.
Ban kai ɗari ba
aka fito da shi, fuska da auduga,
yana tambayar ko an fara.

Majo ya ba ni ordonansi, ya ja mini kunne:
wanke hannu kafin ki ɗiga,
ki bi lokacin da aka rubuta.
Kar ya murza, ko da ƙaiƙayi ya dame shi.
Ban da hayaƙin murhu, ban da ruwan sabulu,
ban da ɗaukar buhu.
Salla a zaune tukuna.
In ya yi ja, ko zogi, ko gani ya ragu,
kar ku jira ranar da aka ba ku.

Washegari aka ɓare audugar.
Ya ƙifta. Ya sake ƙiftawa.
Bai dubi likita ba, bai dubi taga ba.
"Tasalla, yaushe kika yi furfura?"
Ta gyara kallabi.
"Tun kana gani. Ba ka duba ba ne."

Sai ya juyo gare ni,
yana nemana daidai ƙugunsa,
ya ɗaga kai, ya ƙara ɗagawa.

Sandar, a motar komawa muka manta ta.
Yanzu shi ke gaba kan kunyar garka,
yana faɗan ciyawar da muka bari,
ni a baya,
ban san inda zan sa hannun damana ba.