Ɗaurin Rijiya a Sheffield

Ruwa na dukan tagar ɗakin gwaji,
motar ƙarshe ta wuce.
Ƙarƙashin madubi ina saƙa ragar ƙarfe
da ba ta fi ƙwayar shinkafa kauri ba.

In ta cika tauri, ta yaga jijiya.
In ta cika laushi, bango ya rufta,
jini ya rasa hanya.
Sau goma sha bakwai ina sake zanenta,
Misis Oldroyd na girgiza kai, shayinta ya huce.

Kakana Ɗanjuma maginin rijiya ne,
da dutse yake ɗaure ta kada ƙasa ta zubo.
Bai san rabin masu shan ruwan ba.
Ni ma haka.

Wata rana wani tsoho a Rotherham
zai hau bene,
ya manta inda ya saba tsayawa.