Baƙin da Ya Zama Ɗan Gida

Leontina ta hawo tudu da sassafe,
ban ma gama ɗaga ƙofar shago ba.
Can ƙasa jiragen ruwa suna gunji,
Valparaíso ba ta wanke ido ba tukuna.
Ta zauna, ta zare tsinken kai,
gashi ya zubo baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Fresia," in ji ta, "fitar min da shi.
Shekara goma sha tara ina teburin gidan jana'iza,
ina rubuta sunayen waɗanda suka daina amsawa.
Baƙar riga, baƙin takalmi,
baƙin rini na kwali duk ƙarshen wata,
ni kaɗai a banɗaki da tsohon buroshi.
Ran Juma'a na miƙa makulli.
Launin gidan can na kan kwana nake so,
mai kama da cikin gwanda."

Na cusa yatsu, na lalube shi sili-sili.
Rini kan rini, wani kan wani,
kamar bangon da ba a taɓa kankarewa ba.
Na ce, wannan baƙin ai ba baƙo ba ne,
ya daɗe da zama ɗan gida,
ba a kwashe masa kaya rana ɗaya.
In na matsa masa, da gashin zai tafi,
ki tashi da shi a kan matashi.

Ta ce, "To, lallashe shi."

Na dama farin gari a kwano,
warinsa ya sa mu duka hawaye.
Na fara daga ƙeya, ina shafawa,
ina naɗewa cikin takarda mai walƙiya,
har kanta ya koma kamar kifin da za a gasa.
Agogo yana tafiyarsa.
Ba ta taɓa shayin da na ba ta ba.

Minti ashirin, na leƙa: jan tsatsa.
Minti arba'in, ruwan goro.
Da na wanke, sai ga asiri a fili:
saiwa ta yi haske, ɗumin kai ya taimaka mata,
tsakiya ta yi ratsi-ratsi,
jela kuwa ta kafe, ta ce ba inda za ta.

Leontina ta matso da fuska ga madubi,
ta bi ratsin da farce.
"Nan ne lokacin da Hernán ya kwanta asibiti.
Na rina sau biyu a wata guda, don hannuna ya sami abin yi."
Ban ce komai ba.
Gashin shekara huɗu kawai ke kanta,
sauran tuni almakashi ya ci,
amma wa ya tambaye ni lissafi?

Na ce, sai bayan mako uku.
Mai za ki riƙa ba shi, ba zafi, ba ruwan teku.
Gwandarki tana nan zuwa,
yau dai ɗanya ce.
Na miƙa mata gyale ta rufe kafin nan.

Ta juya shi a hannu, ta ajiye kan kujera.
Ta biya, ta fita kai buɗe,
rabi tsatsa, rabi garwashi,
jela tana jan sauran dare a bayanta.
Mai sayar da burodi ya tsaya da kwandonsa.
Ta gaishe shi da ƙarfi,
ta ci gaba da gangarawa.