Mai Shelar Jirage

Shekara ashirin da biyu ina shela a tashar Maisuru.
Muryata ta fi ni yawo:
ta shiga kunnen ɗan dako, ta sauka a dandamali na uku,
ta bai wa dubban mutane haƙuri kan jirgin Bangalor da ya makara,
ni kuwa ina kan kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya
da aka tokare da kwali.

In na tashi aiki, sai tashar ta biyo ni gida.
In kwanta, ƙarfe na gugar ƙarfe a ƙoƙon kaina.
Kuɗin makarantar Sumitra.
Tarin mijina da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.
Maganar da na yaɓa wa ƙanwata daren bikin fitilu,
zarar bunu, ta ƙi komawa.

Nanjunda ne ya lura.
Tsohon telan unguwarmu,
da idonsa ya daina ganin kafar allura sai ya rufe keke,
yake koya wa mutum biyar yoga a kan rufin gidansa,
tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya.
Ya ce, “Girija, kafaɗunki sun hau kunnuwanki.
Ki zo da asuba.”

Na zo da tabarmar aro.
Na sunkuya, yatsuna suka tsaya a gwiwa
kamar baƙon da aka ce ya jira a ƙofa.
Na tsaya da ƙafa ɗaya, wai ni bishiya,
bishiyar ta faɗa kan bokitin matarsa.
Bai yi dariya ba. Matar ce ta yi, daga ƙasa.

Sai zama. Nan gizo ke saƙar.
Ya ce rufe ido, bi numfashi:
ga shi ya shigo da sanyi-sanyi,
ga shi ya fita da ɗumi. Aikin ke nan.
Na ce a raina, wannan ai ko jinjiri ya iya.
Kafin numfashi na uku na kai kasuwa,
na taya albasa,
na sake faɗa da ƙanwata na yi nasara,
na yi wa mijina makoki da ransa.
Na buɗe ido ina haki.

“Ina kika je?”
Na lissafa masa.
Ya ce, “Duk shekarun da kika yi a tasha,
jirgi nawa kika hau a bakin aiki?”
Na ce, ko ɗaya.
Ya ce, “To.”
Ya ci gaba da murza wa gwiwarsa mai.

Damina biyu ke nan.
Yatsuna sun kai idon sawu, sun ce nan za su kwana, na ƙyale su.
Tunane-tunane na zuwa har yau, da usur da hayaƙinsu,
ina kiran sunan kowanne, ba lasifika:
wannan na tsoro ne, daga gobe ya taso;
wannan na da-na-sani, shi bai taɓa makara ba.
Su tsaya, su buɗe ƙofofi. Ba na shiga.
Wata rana nakan shiga,
sai in tsinci kaina a wani gari,
in dawo da ƙafa, ta hanci.

Akwai wani ɗan fili
tsakanin fitar numfashi da dawowarsa,
bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba.
Can na tarar da wata mata zaune, ba ta shelar komai.
Kukan hankaka a kan tanki,
ƙararrawar ɗakin bauta daga gindin dutse,
ƙanshin gahawar maƙwabta,
duk suna ratsa ta su wuce,
ba ta tambayi kowa tikiti ba.

Tarin mijina na nan.
Kuɗin makaranta ma ƙaruwa suka yi.
Amma jiya na buga wa ƙanwata waya.
Ta ɗauka, ba ta ce uffan ba,
ni kuma, mai cin abinci da baki,
ban yi saurin cike shirun ba.
Na ji numfashinta. Na ji nawa.
Can ta ce,
“Kin ci abinci kuwa?”