Harafin da Dakta Didam Ya Bari

Dakta Didam ya rasu ran Laraba, tsakiyar damina,
kogin Kaduna ya cika har yana lasar ƙafar gada.
Ya bar mata, 'ya'ya huɗu, da tsohuwar Fijo.
Ni kuwa lissafi ya bar min
a kwamfutar da ke jikin taga.

Shekara tara yana gininsa:
cikin ƙwayar sammore, wadda tsando ke zuba wa shanu,
yadda take shan sukari, yadda take juya shi ƙarfi,
layi ɗari uku da sha biyu.
In ka danna, sai ya kama gudu.
Zane ya hau, ya gangaro, ya kwanta kamar saniya ta ƙoshi.
To, me ya hau?
Me ya gangaro?

Ya rubuta G.
Ya rubuta G2, da G sabo, da wani wai shi "na Talatu".
Gulukos ne ko gilisarol?
Na cikin ƙwayar, ko mai yawo a jinin saniya?
Shi ya sani.
Makiyayi ba ya buƙatar shaida a kunnen bijiminsa,
daga tafiya yake gane shi.
Makiyayi ya tafi,
an bar ni da garke babu suna.

Kakata awo take yi a kasuwar Kawo.
Takan ce mudun Kawo ba mudun Kakuri ba ne,
kowa da bugun da ya yi wa gindin kwanonsa,
shi ya sa ba a sayen hatsi da saƙo.
Mu kuwa da saƙo muke ciniki.
Wanda zai buɗe wannan aiki bai san Didam ba,
bai san dariyarsa ba, bai san yana ƙin dogon suna ba.

Akwai kundi da masu wannan sana'a suka yarda da shi:
kowane sinadari da lambarsa,
kowane aiki da lambarsa,
mai hanawa daban, mai zugawa daban,
ɗakin da abu ke zaune a cikin ƙwaya, shi ma da tasa.
Ba daɗin faɗi, ba a yi wa lamba kirari.
Amma ba ta canja baki in ta ƙetare ruwa.

Wata biyu ina liƙa wa kowane harafi tasa.
Wuta ta tafi, janareta ya yi tari, na ci gaba.
Saura ɗaya ya ƙi.

Na hau Keke zuwa Sabon Tasha.
Matarsa ta ba ni ruwa, ta jawo kwalin taliya
cike da littattafansa, suna warin kananzir.
Na ce, Mama, wace ce Talatu?
Ta yi dariya har ta share ido da bakin zane.
Ta ce, yarinyar da ke ɗebo masa jini a kwata,
da asuba, kafin mahauta su wanke wuƙa.
Ta yi aure, tana Kafanchan.

Ashe sukarin jini ne.
Na waje, ba na ciki ba.
Da na yi kirdado, da na juya aikin shekara tara a kife,
zanen kuma zai hau, ya gangaro,
ya kwanta lafiya lau yana ƙarya.

Daren nan na liƙa masa lambarsa.
Yanzu ɗalibi a kowane gari zai buɗe ya gane
ba sai ya tashi matacce ba.

Sai dai kundin ba shi da lambar asuba,
ba shi da ta kwalba mai ɗumi a tafin hannu.
Akwai wani ɗan fili a ƙasa, na ƙarin bayani,
wanda na'ura ba ta karantawa.
Nan na rubuta: na Talatu.