Facin Tuure

Ƙarfe uku na yamma a Oulu, rana ta riga ta yi sallama.
Aulikki ta shanya safar hannunta bisa bututun ɗumama ɗaki,
ta buɗe facin da Tuure ya turo.

In, a cikin in, a cikin wani in,
har hawa bakwai,
kowane ya matsa dama da taki takwas
kamar mai ja da baya daga bakin kare,
sai da layin ƙarshe ya faɗa bayan allo.
Can ƙurya ga wani "in ba haka ba" tsaye shi kaɗai,
maraya,
ba wanda ya san ɗan wane in ne.

Ta karanta da ƙarfi, kofi na hucewa:
"In ba a ce ba a kulle ba."
To, a kulle yake ko a buɗe?
Ta ƙirga da yatsu, ta ɓata, ta sake.

Yana aiki, in ji Tuure daga teburinsa,
hular keke har yanzu a kansa.
Na gwada sau ɗari biyu.

Na yarda, ta ce. Na'ura ba ta gajiya,
ko ka rubuta mata a birkice za ta haɗiye.
Ni ba ita nake ji ba.
Wata nake ji, ban san sunanta ba,
shekara goma sha biyu nan gaba,
an tashe ta tsakar dare don injin asibiti ya sandare,
idonta da yaji,
wannan shafin ne kawai a gabanta.

Sallami baƙo tun daga ƙofa.
Babu? Koma. Ya lalace? Koma.
Wanda ya rage shi ne mai gida, bar shi ya miƙe ƙafa a hagu.
Makullin da ka ɗauka a layi na tara
nuna min inda ka mayar.

Tuure ya duba. Ya daɗe yana dubawa.
A hawa na biyar akwai hanyar fita
da makullin a aljihu.

Waje motar kwashe ƙanƙara ta wuce da fitilarta ruwan lemo.
Ya cire hular.

Sharaɗi ɗaya ne ƙwayar manhaja ba ta karɓa, in ji Aulikki,
tana laluben safarta, ɗaya ta bushe, ɗaya da saura.
Wanne?
Da na sani.