Layi na Bakwai, Dundaye

Baƙon irin da anka haska a inji
na dasa bayan rijiya.
Sittin sun ƙone. Tara sun yi taurin kai.

Litinin kore shar.
Laraba ja; Bagudu ya ɗanɗana,
ya tofar: "Dakta, wanga bai da tarbiyya."

Na ɗiga ruwansa cikin kwalbar gwaji,
shunin ya koɗe nan take.
Ashe abin da ke hana jiki tsatsa
gun mai tsamin ya taru.

Jumma'a baƙi wuluk, har ɗinya ta ji kunya.
Zaƙi ya hau, lissafina ya ɗan sauka.

Ina rubutu, Bagudu na ci,
yatsunmu duk sun rine.
Nashi ne tsuntsaye ke bi da kallo.