Gishiri da Rana

Maite ce ta ja ni, 'yar ƙanwata.
Ta ce, "Kawu Eliseo, rufe shagon nan,
matattun rediyoyi ba za su gudu ba."
Muka gangaro daga tudun Valparaíso,
matakala ɗari da 'yan kai,
gwiwata na ƙirga kowace da ƙorafi.

Ɗaki ne a ƙarƙashin shagon kifi.
Rufin yana zufa. Mu talatin, in an haɗa da kare.
Yara huɗu a kan katakon lodi na tashar jiragen ruwa,
ba kamfani, ba ubangida,
faya-fayansu cikin kwalin takalmi a bakin ƙofa,
a biya abin da ya sawwaƙa.
Sunansu wai Ruwan Laraba.
Mai ganga, Baltasar, shi ke raba wasiƙu a unguwarmu;
ban taɓa sanin hannunsa na da wata sana'a ba.

Waƙoƙi uku na farko sun wuce ni
kamar motar da ba ta zuwa layinmu.
Jita na kuka irin na ƙyauren da ya rasa mai.
Na fara laluben hulata.

Sai yarinyar, Rayén, ta sunkuya ta rage sauti,
ta ja dogon numfashi,
ta ɗauko waƙar mahaifina.

Ba tasa ba ce, ta kowa ce a zamaninsa,
amma a bakinsa na san ta:
Evaristo, yana kankare gindin kwalekwale,
yana rera ta da sauri kamar mai bin bashi.
Su kuwa suka kwance mata ɗamara,
suka sa ta tafiya sannu, ba takalmi,
har na hango tabon da ke ƙafarta.

Amma ta yi kuskure.
Inda jirgi ke tafiya da gishiri,
sai ta ce ya tafi da rana.
Sau uku. Na ƙirga.

Da aka tashi na tare ta a gindin matakala,
da furfurata, da tabbacin shekara hamsin.
Ba ta yi musu ba.
Ta buɗe jakar jita, ta zaro tsohon faifai,
na kakarta ne, gefen kwalin ya cinye,
ta nuna min baitin da farce mai baƙin fenti.
Rana.
A harshenmu harafi ɗaya tak ne tsakaninsu.

Ashe tsoho da kunnen masunci ya ji ta.
Abin da ya fi sani ya cusa a gurbin,
abin da ke tsaga masa leɓe, yake cin igiyarsa.
Haka ya miƙo min, haka na karɓa,
har na yi renon 'ya'ya biyu da ita.

Rayén ta yi shiru, tana juya kalmar a baki
kamar mai ɗanɗana miya.
"Gishiri," in ji ta. "Za ka ara min ran Asabar?"
Na ce ba nawa ba ne, mai shi ya daɗe da rasuwa.
Ta ce, "Yawancin abin da muke rerawa haka yake."

Na ɗauki faifansu, na biya fiye da abin da ya sawwaƙa.
Hawa ya fi gangara tsawo.
Maite na gaba tana zayyano min wasu:
wai akwai tagwaye mata a Quilpué, da akodiyon guda,
suna wasa a gareji ran Lahadi,
da wani direban tasi mai yin tasa shi kaɗai a kicin.
Na ce sannu dai, kunne biyu gare ni,
ɗayan ma sai an ɗaga murya.

Yanzu a shago, tsakanin wayoyi da hayaƙin dalma,
faifan na juyawa a na'urar wani
da ya kawo gyara bara bai dawo ba.
In an iso wurin, ita ta ce rana,
ni in ce gishiri,
mu wuce tare zuwa baiti na gaba.